Tambaya da Amsa: Akwai alherin da babu son kai a cikinsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai sayar da atamfa ce a Daura. Ƙanena da ke karatu a Katsina ya ce mini wai babu mai yin alheri tsakani da Allah. Mai gudummawar biki tana jiran a rama mata, mai raba shinkafa da azumi suna yake nema, mai sadaka a ɓoye ma lada yake so, ko daɗin da yake ji a ransa. Na rasa amsar da zan ba shi. Gaskiya ya faɗa?
Wata mai karatu, Daura

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ƙanen naki ya zuba abubuwa daban-daban a ƙwarya ɗaya, sai mun ware su tukuna.

A kan biki ya yi gaskiya, kuma ba abin kunya ba ne. Biki bashi ne da aka sa masa rigar kyauta, shi ya sa ake rubuta wadda ta kawo da abin da ta kawo. A al'adar da ma ninkawa ake yi: ta ba ki dubu biyu, ki mayar da huɗu, har ya yi nauyi a sauke. Haka gayya take, haka adashi, cuɗe ni in cuɗe ki. Wani masanin halittu ɗan Amurka, Robert Trivers, ya bayyana a 1971 cewa irin wannan taimakekeniya tana ɗorewa ne in mutane suna sake haɗuwa kuma suna tuna wanda ya ƙi ramawa. Inda take lalacewa shi ne in ɗaya ta ɗauka kyauta aka ba ta, ɗaya kuma bashi ta bayar. Ƙawance da yawa a nan ya mutu.

Taimakon dangi ma yana da nasa lissafin. A 1964 wani masanin halittu, William Hamilton na Ingila, ya nuna cewa ƙwayoyin gado na da hannu a ciki: shaƙiƙai sun yi tarayya a rabi, 'ya'yan wa da ƙani a ɗaya bisa takwas, kuma sadaukarwa tana bin kusancin jini. To amma wannan bayanin asalin ɗabi'ar ne. Uwar da ta kwana a kan ɗanta mai zazzaɓi ba lissafin gado take yi ba.

Maganar neman suna kuwa, addini ya riga ƙanenki gano ta, ya kira ta riya. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. A hadisin Muslim, cikin mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar ƙiyama har da wanda ya ciyar don a ce shi mai kyauta ne. Da dai babu na gaskiyar, da ba a sha wahalar rarrabe shi da jabu ba.

Inda ya zame shi ne batun jin daɗi, kuma tun 1726 wani malamin coci a Ingila, Joseph Butler, ya nuna kuskuren. Me ya sa kike jin daɗi in maraya ya ƙoshi? Don tun farko ƙoshin nasa kike so. Wanda bai damu da marayan ba, ko ya ba shi tuwo ba zai ji komai ba. Daɗin ya biyo baya ne, ba shi ya tura ki ba.

An gwada wannan a 1981 a Jami'ar Kansas ta Amurka. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Daniel Batson, ya sa ɗalibai mata suna kallon wata budurwa da suka ɗauka ana jona mata lantarki, aka ce wadda ta so ta karɓi wurinta. An ba wasu damar tashi su tafi, wasu kuwa dole su kalla har ƙarshe. In kawar da damuwar kansu kawai suke so, ai tafiya ta fi sauƙi. Cikin waɗanda aka buɗe wa ƙofa, masu ganin budurwar kamar bare ba su kai biyu cikin goma da suka yarda ba, amma masu jin ta a jikinsu kusan tara cikin goma suka ce a jona musu a madadinta.

Saura lada. A ganinmu, kiran neman yardar Allah son kai wasa da kalma ne, domin ladan ba ya samuwa sai an cire ido daga hannun wanda aka ba. Aya ta 9 a Suratul Insan ta yabi masu ciyarwa ba sa neman sakayya ko godiya, ta 9 a Suratul Hashri kuma ta yabi Ansar da ke fifita wasu a kansu alhali suna cikin buƙata.

Niyya takan zo a gauraye, ba ma musu. Ku mutanen Daura kun fi kowa sani: a tarihin baka, ruwa Bayajida yake nema da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, amma gari duka ya huta da jiran Juma'a.

In kina son auna taki, cire sakayyar ɗaya bayan ɗaya. Ki bayar inda ba za a san ke ce ba, misali ki biya wa wata bashin mai kanti ki ce kada ya faɗa. Ki ba wanda ba zai iya ramawa ba, kamar matafiyin da ba za ki sake gani ba. Na uku ya fi wuya: in wanda kika taimaka ya wuce ki bai gaishe ki ba, duba zuciyarki. Ɗan zafi na ɗan Adam ne. Amma in kika ji kalmar “bayan duk abin da na yi masa” tana taso miki, to biki kika yi, ba sadaka ba.

Kada kuma tsoron riya ya sa ki daina bayarwa, wannan ma tarko ne. Aya ta 271 a Baƙara ta ce bayyana sadaka abu ne mai kyau, ɓoyewa ce dai ta fi. Malamai da yawa sun fi son a bayyana zakka, ɗaya bisa arba'in na jarin atamfarki in ya kai nisabi ya shekara, don kada a zarge ki da hanawa. Ta nafila ce ake so hagu kada ta san abin da dama ta bayar.