Tambaya da Amsa: Wasan jera lambobi ya ƙi kammaluwa, laifin Kotlin ne?

Tambaya: Malam, ina koyon Kotlin, yaren rubuta manhaja, bayan na saba da wani yaren mai suna JavaScript. Don gwaji na haɗa wasan tura lambobi 1 zuwa 15 a cikin akwati mai gurbi 16. Abokaina sun buga, amma wani lokaci 14 da 15 sai su tsaya a juye, wato 15 ta riga 14, ko me aka yi. Anya na fahimci yaren nan kuwa? Ko in koma inda na fito? Daga wani ɗalibi a Agege, Legas.

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, Kotlin ba ta yi maka komai ba. Ko ban ga aikinka ba na san abin da ka yi: ka zuba lambobin a jeri, ka kira shuffle ya cakuɗa su. Kuskuren da nake fama da shi ke nan kullum wajen masu koyo, kuma masu darasin bidiyo da ke kwafar juna ba tare da sun buga wasan har ƙarshe ba su suka yaɗa shi.

Rabin duk tsarin da cakuɗawar za ta fitar ba ya warwaruwa, ko mutum ya shekara yana turawa. Tun 1879 masana lissafi Johnson da Story suka tabbatar da haka a Amurka. Sam Loyd, wani mai ƙirƙirar wasannin wasa ƙwaƙwalwa, shi ma ya sa ladan dala 1,000 ga wanda zai gyara 14 da 15 da aka juya, ba wanda ya ci. A ƙaramin akwati mai gurbi 9, cikin tsari 362,880, guda 181,440 kaɗai ake iya kammalawa. Abin haushin, manhajar ba za ta nuna kuskure ba. Za ta yi ta aiki lafiya lau, yaro yana cikin danfo daga Agege zuwa Oshodi yana zargin ƙwaƙwalwarsa.

Gyaran ba wuya. Fara daga jerarren akwati, ka sa kwamfuta ta yi ta tura gurbin da babu kowa ta halastacciyar hanya sau ɗaruruwa, kana hana ta komawa inda ta baro nan take. Duk abin da ya fito haka, ana iya mayar da shi.

In kuma ka nace sai shuffle, to a akwati mai gurbi 16, ƙirga sau nawa babbar lamba ta riga ƙarama, ka haɗa da lambar layin da gurbin yake, kana ƙirgawa daga ƙasa da 1. Jimillar ta zama mara, wasa zai yiwu. In ta zama cika, musanya lambobi biyu, ban da gurbin.

Batun komawa JavaScript kuwa, ajiye shi. Can ma da ka cakuɗa haka, 14 da 15 ɗin nan za su tare ka.