Shin Ellison satar fasaha ya yi wa Dostoyevsky?

Tambaya: Malam, ina rubuta kundin digirina a kan Ralph Ellison. Wani ya ce mini littafinsa Invisible Man sata ce daga Dostoyevsky na Rasha. Hankalina ya tashi, ga shi na riga na yi nisa. In sauya batu ne?

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki, kada ki sauya komai. Kamannin na nan, ba mai musu. A littafin Dostoyevsky na 1864, Notes from Underground (wato rubuce-rubuce daga ƙarƙashin ƙasa), wani tsohon ma'aikacin gwamnati ɗan shekara arba'in ne ya ƙule a ɗakinsa a Petersburg yana zuba ɗacin ransa. A na Ellison na 1952, baƙar fata ne a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a New York, ya kunna ƙwan lantarki 1,369 da wutar sata, saboda mutane sun ƙi ganinsa. Ellison kansa bai taɓa ɓoye cewa ya karanta Dostoyevsky ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu jera shafi biyu su yi ihun ɓarawo. Kusan kullum sai na ci karo da su, kuma yawancinsu ba su kai ƙarshen ko ɗaya daga cikin littattafan ba. Sun ga rami nan, sun ga rami can, shi ke nan an yanke hukunci! Mutumin Dostoyevsky shi ya zaɓi ya janye daga jama'a, yana cin kansa da kansa. Na Ellison wariyar launin fata ce ta tura shi ciki, kuma a ƙarshe yana shirin fitowa. Ina satar take? Irin wannan surutu yana kashe wa ɗalibai gwiwa, har matashi mai son rubutu ya riƙa tsoron karanta na gaba da shi.

Ai aron ma ba hanya ɗaya ya bi ba. A 1861 mujallar Vremya ta Dostoyevsky da ɗan'uwansa ta buga labarai uku na Ba'amurke Edgar Allan Poe, Dostoyevsky kuma ya rubuta gabatarwa. Marubucin Amurka Hemingway ya ari littattafan Turgenev na Rasha a kantin littattafai na Sylvia Beach a Faris. Labarin Ba'amurke Raymond Carver na 1987 a kan mutuwar marubucin Rasha Chekhov yake.

Ki ware babi guda ki nuna abin da Ellison ya ɗauka da yadda ya juya shi. Ki kuma tuna a fassara ya karanta Dostoyevsky, don haka ki kwatanta tsarin labari da muryar mai ba da shi, ki bar ginin jimla.