Tambaya da Amsa: Yaya baƙo zai kai ziyara Rey Buba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare, kuma duk lokacin da na zo kan darasin jihadin Fombina, wato ƙasar Adamawa, sai na ci karo da sunan Buba Njidda da garinsa Rey, wanda yanzu yake cikin ƙasar Kamaru. Ina da niyyar zuwa in ga garin da idona. Wace hanya zan bi, wane lokaci ya fi dacewa, kuma shin ana barin baƙo ya shiga fada? Daga mai karatu a Yola.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Niyyarka mai kyau ce, kuma tafiyar mai yiwuwa ce, sai dai kafin maganar mota da guzuri akwai abin da ya kamata ka fara nema, wato mai masauki. Rey Buba ƙaramin gari ne a gundumar Mayo-Rey ta Jihar Arewa a Kamaru, kuma gari ne da kusan komai nasa yake rataye a wuyan fada, ta yadda baƙon da ya sauka ba tare da wanda zai gabatar da shi ba zai iya yini yana zagaya ganuwa, kowa yana amsa masa gaisuwa cikin ladabi, amma ba wanda zai buɗe masa ƙofa. Tun da kana Yola, wannan ba zai yi maka wuya ba, domin tsakanin Yola da Garwa akwai zumunci da auratayya da ciniki tun kaka da kakanni. Ka nemi wani dattijo ko ɗan kasuwa a Garwa wanda yake da mutum a Rey, ya aika da saƙo cewa kana tafe, ya kuma faɗi dalilin zuwanka.

Ka riga ka san tushen masarautar, amma saboda sauran masu karatu bari mu ɗan taɓa shi. Arɗo Buba Njidda, Bafulatani daga zuriyar Yillaga, shi ne ya kafa ta a wajen shekarar 1804, a zamanin da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake tasowa. Ko da yake ƙasar tana cikin yankin da Modibbo Adama ya riƙe wa tuta, Buba Njidda bai kasance mai saurin rusunawa ga Modibbo ba, kuma wannan halin na tsayawa da ƙafarta ya bi masarautar har zamanin Jamusawa da Faransawa, ya kuma biyo ta bayan Kamaru ta sami 'yancin kai a 1960. Lamiɗon yanzu, Abubakari Abdullahi, ya hau karaga a 2006, kuma tun 2013 yake cikin shugabannin majalisar dattawan ƙasar, saboda haka sau da yawa yana Yawunde. Kada ka ɗaura tafiyarka a kan lallai sai ka gan shi, domin ko yana gari ma, bisa al'ada Lamiɗon Rey ba mai yawan fitowa bainar jama'a ba ne, kuma idan ya fito yakan kasance da amawali a fuska.

Fadar ita ce abin kallo na farko. Katanga ce ta jar ƙasa mai tsayin kimanin mita 7, da ta kewaye fili mai faɗin kusan hekta 5, a ciki akwai zauruka da ɗakuna masu rufin ciyawa da shingayen zana, kuma a 2006 gwamnatin Kamaru ta sanya ta cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Idan mai masaukinka ya kai ka, za ka tuɓe takalmi tun kafin ka isa bakin ƙofa, ka taka ƙasa da ƙafarka komai zafinta, ka sassauta murya, ka zauna inda dogari ya nuna maka, sannan ka jira. Jiran yana iya zama na minti ashirin, yana kuma iya kai ka har azahar, kuma duba agogo a gaban fadawa ba ya rage shi. Ka tafi da gaisuwa, ko goro ko turare ko kuɗi a cikin ambulan, ka bar mai masauki ya faɗa maka abin da ya dace da hannun da za a bi da shi. Waya kuwa ta zauna a aljihu har sai an ce maka ka ɗauki hoto. A ganina wanda ya fito da takardar makarantarsa ya ce shi malami ne mai neman ilimi ya fi samun sakin fuska a kan wanda ya ce yawon buɗe ido ya kawo shi.

Akwai kuma maganar da ba zan ɓoye maka ba. Ikon fadar Rey ya wuce na yawancin sarakunan da ka sani, kuma a shekarun 1990 ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, ciki har da Amnesty International, sun zargi dogaran fadar da tsare 'yan adawa da dukansu. Mutanen gari sun san wannan tarihin fiye da kai, kuma ba za su so baƙo ya ja su cikin hirarsa a bakin kasuwa ba. Ka tambayi tarihin kafuwar gari da yaƙe-yaƙen dā yadda ka ga dama, amma siyasar yau ka bar wa masu ita.

Batun hanya, daga Garwa za ka kama babban titin da ya nufi Ngawundare, ka sauka a mararrabar Gijiba, inda hanyar burji ta yanke gabas ta ƙetare kogin Binuwai zuwa Collire, hedikwatar gundumar, wadda za ka ga an rubuta Tcholliré a allunan hanya. Daga can zuwa Rey ba nisa sosai, kuma galibi babur ne ko motar da ta samu. Ka ware wa tafiyar yini guda cur, ka fita Garwa da asuba, domin mota ba ta tashi sai ta cika, kuma bai kamata magariba ta same ka a daji ba. Yankin Mayo-Rey yana iyaka da Chadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, kuma ya daɗe yana fama da 'yan fashin hanya da ake kira zargina da masu satar mutane don neman kuɗin fansa, musamman wajen Tuboro da rugagen makiyaya. Halin tsaro yana canzawa daga wata zuwa wata, don haka labarin da direbobin tashar Garwa da mai masaukinka za su ba ka a makon tafiyarka ya fi duk abin da zan rubuta a nan. Idan suka ce a dakata, ka dakata.

Lokaci mafi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hanya ta bushe kuma hunturu ya sassauta zafi. A Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40, daga Yuni zuwa Oktoba kuwa ruwa yana lalata hanya har mota ta kwana a laka. Idan kana son ganin gari a cike, ka daidaita zuwanka da salla, lokacin da Lamiɗo yake fitowa, mahaya su yi ado da lifidi, maharba su fito da kwari da baka, a busa kakaki da algaita, amma ka sani masauki yakan yi wuya a ranakun.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan Nijar ne kuma ina da sha'awar irin wannan tafiya zuwa arewacin Kamaru. Tun da mu ma sefa muke kashewa, ina ganin ba ni da matsalar canji. Haka ne? Daga mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Ba haka ba ne, ɗan'uwa. Sefa iri biyu ce, taku ta Afirka ta Yamma wadda bankin BCEAO yake bugawa, da ta Afirka ta Tsakiya wadda bankin BEAC yake bugawa, ita ce ake kashewa a Kamaru da Chadi. Darajarsu ɗaya ce a kan takarda, domin kowacce 655.957 ce take daidai da yuro ɗaya, amma mai shayi a Collire ba zai karɓi sefar Maraɗi ba, kuma ɗan canji sai ya cire ladansa kafin ya musanya maka. Ka yi canjinka a Garwa ko Ngawundare, ka nemi ƙananan takardu na dala ɗari (wato sefa 500) da jaka ɗaya (wato sefa 1,000) da jaka biyu, domin a ƙauye takardar jaka goma tana iya hana ka sayen ƙosai. Ana aika kuɗi ta wayar MTN da Orange, amma kada ka dogara da su inda layi yake zuwa yana ɗaukewa.

Game da takardu kuwa, ɗan Najeriya yana shiga Kamaru ba tare da biza ba don gajeriyar ziyara, amma ɗan Nijar da ɗan Gana suna bukatarta, kuma tun 2023 ta intanet ake nemanta. Kowa da kowa sai ya riƙe fasfo da katin allurar shawara, domin jandarmomi a shingayen hanya suna tambayarsu.

TAMBAYA: Ni da maigidana muna so mu je tare da yaranmu biyu. Me ake ci a can, da wane harshe za mu yi magana, kuma gaskiya ne akwai gandun namun daji kusa? Daga wata mai karatu a Kano.

AMSA: Hajiya, abinci ba zai zame muku baƙo ba. Tuwon dawa ne da na masara, da miyar yakuwa ko ta tafasa ko kuɓewa, ga nono da kindirmo daga rugage, ga tsire da yamma, ga kuma kifi, wanda ya yawaita a yankin tun da aka gama madatsar ruwan Lagdo a kan Binuwai a 1982. Abin da za ku kula da shi shi ne ruwan sha, ku ɗauki na gora daga Garwa saboda yara, ku tafi da gidan sauro da maganin zazzaɓi, domin asibitin da zai iya ɗaukar babbar larura yana da nisa. Fulatanci ne harshen kasuwa da na fada, shi ne kuma yake haɗa Fulani da sauran ƙabilun yankin irin su Dii da Dama da Mbum, Faransanci kuma na ofis ne da na jandarma. Za ku sami masu jin Hausa a cikin 'yan tireda da mahauta, amma ku koyi gaisuwar Fulatanci ko da jam na ce da useko, domin tana sa a saki jiki da baƙo. Shigar da kika saba da ita a Kano ta wadatar, sai dai ki shirya cewa a fada ana iya karɓar maigida a zaure, ke kuma a kai ki wajen mata.

Gandun dajin gaskiya ne. Sunansa Buba Njidda, sunan wanda ya kafa masarautar, faɗinsa hekta 220,000, kuma ya zama gandun ƙasa a 1968. Akwai giwa da raƙumin dawa da ɓauna da zaki, da wata ƙatuwar dabba dangin gwanki mai murɗaɗɗen ƙaho da fararen layuka a jiki, wadda samun ganinta a wani wuri yake da wuya ƙwarai. A farkon 2012 mafarauta a kan dawakai, ɗauke da manyan bindigogi, suka ƙetaro iyaka suka kashe ɗaruruwan giwaye saboda haure, abin da ya sa gwamnati ta tura sojoji yankin. Ba a shiga sai da rani, da mota mai ƙarfi, da izinin hukumar gandun da kuma ɗan rakiya daga cikin ma'aikatanta.

Shawarata a kan yaran ita ce, idan ba su kai shekara goma ba, ku bar su wajen 'yan'uwa a Garwa ku je ku biyu, ku kwana biyu ku dawo, domin ƙura da jijjigar hanyar Gijiba da jiran mota a rana sun fi ƙarfin ƙaramin yaro.