Bindiga mai baki uku: wane harsashi za ka zaɓa?

Malam, ka tambaya ko lamba 12 ko 16 (ma'aunin faɗin bakin bindiga) za ka ɗauka a bakuna biyun sama, masu watsa ƙananan ƙwayoyin harsashi. Ni dai 12 nake ba ka shawara. Jamusawa, masu wannan bindiga da suke kira Drilling, a da sun fi son 16 saboda ba ta da nauyi, amma a nan Maradi harsashin 12 ya fi samuwa, kuma ya ishe ka zabi da fakara.

Bakin ƙasa kuwa, mai harba ƙwaya ɗaya, nemi harsashi mai harafin R, wato mai leɓe a gindi, don shi ke fita cikin sauƙi idan ka buɗe bindigar. 7x65R ya isa gadu. 9.3x74R na manyan namun daji ne, dukan kafaɗa kawai za ka sha.

Ka fara samun takardar izinin farauta tukuna.