Mita huɗu da rabi a kan jikka biyu da rabi

Wani mai sayar da yadi a kasuwar Wadata, nan Yamai, ya rubuto cewa ciniki na tafiya amma ƙarshen wata ba ya ganin riba, don haka yana son ya ci bashin banki ya fara saro kaya daga Dubai. Ɗan ƙanensa ne ke tsare kanti. Ya ba da misali: mita huɗu da rabi, kowace mita jikka biyu da rabi (wato sefa 2.500), yaron ya karɓi jikka tara.

Alhaji, ajiye maganar Dubai tukuna. Jikka taran nan ita ce ciwonka.

Na ga yadda yaron ya yi: huɗu sau biyu takwas, rabi da rabi ɗaya, tara ke nan. To ina rabin jikkar da ke kan kowace mita cikin huɗun nan? Jikka biyu ce cur. Rabin mitar kuma ba rabin jikka ba ne kuɗinta, rabin farashi ne, 1.250. Ka koya masa haka: farashi sau huɗu 10.000, a ƙara rabin farashi, 11.250. Mai saye ya tafi da 2.250 naka, kuma ba zai dawo ya gaya maka ba. In ana irin wannan sau huɗu a rana, jikka tara ta tafi, kafin a zo ga kuɗin haya da haraji.

Ban ce yaron ɓarawo ba ne. Laifin naka ne, domin ka ɗauka zumunci ya isa shaida cewa ya iya lissafi. Da bare ka ɗauka, ai da ka gwada shi tun ranar farko. Na san wani mai sarin albasar Galmi a Tawa da ya bar wa surukinsa lissafin buhu da rabin buhu, duk da ka, babu rubutu. Kaka biyu ana tafka asara, kunya ta hana shi tambaya, har ya sayar da motarsa ya biya manoma.

Ka sayi littafi. Kowane yanka a rubuta mita nawa, farashi nawa, an karɓi nawa, kai kuma ka duba da kanka bayan la'asar. Ka rubuta kuɗin rabin mita da kwata na kowane yadi a kwali, ka manna a bango. In ka yi wata uku a haka, turo mini littafin mu duba zancen bashin.