Tambaya da Amsa: Ya kashe mutum huɗu a buge, me ya sa ba a ɗaure shi ba?

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mun yi musu a tasha, wani ya ce wai a Amurka wani yaro ya sha giya ya take mutum huɗu da mota amma alƙali bai kai shi gidan yari ba saboda ubansa mai kuɗi ne. Gaskiya ne? In gaskiya ne ina adalcin da ake ta yabon su da shi? Daga wani direba a Funtua.

AMSA: Yawwa ɗan'uwa, abokin musunka ya fi ka gaskiya wannan karon. Sunan yaron Ethan Couch, a jihar Texas abin ya faru, ranar 15 ga Yuni 2013, yana ɗan shekara 16. Ya ɗauki motar babansa bayan sun yi tatil shi da abokansa, ya zo a guje ya afka wa mutanen da ke tsaye bakin titi, wata budurwa da motarta ta lalace da wata uwa da 'yarta da suka fito taimaka mata da wani fasto da ya tsaya shi ma don taimako, duk huɗun suka mutu. Da aka auna jininsa giyar ta kai 0.24, ninki uku kenan na 0.08 da doka ta yarda wa babba, shi kuwa ko shekarun sha bai kai ba.

Masu gabatar da ƙara shekara 20 suka nema. Sai lauyoyinsa suka kawo wani masanin halayyar ɗan adam ya ce ai yaron gata ne ya ɓata shi, iyayensa ba su taɓa ce masa bari ba, don haka bai san laifi na da sakamako ba. Alƙaliya Jean Boyd ta ba shi shekara 10 na sa ido a waje haɗe da zuwa gidan gyaran hali. Wallahi wannan hujjar ita ta fi ci min rai, domin yaron da ya tashi cikin talauci ba mai kwaɓa masa, wa zai tsaya masa a kotu ya ce a tausaya? Sai da ya karya sharaɗi ya gudu Meziko da uwarsa a ƙarshen 2015 aka kamo shi, sannan ya yi kwana 720 a ɗaure, kwana 180 kan kowane rai.

Ni ban ce a riƙa jefa yara a kurkuku su ruɓe ba, gyaran hali abu ne mai kyau, amma in za a yi sassauci to a yi wa ɗan kowa. Haka batun tara. A nan gida tarar tuƙi a buge da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana karɓa naira 5,000 ce, ɗan acaɓa zai ji ta a jikinsa, mai jif kuwa ko rabin tankin mai ba ta kai masa ba. Ƙasar Finland gwargwadon samun mutum take yanka tara, a 2002 wani babban darakta a kamfanin Nokia an yanka masa yuro 116,000 saboda gudun wuce sa'a a kan babur kawai. Da ni ake tambaya, wannan tsarin zan zaɓa, a haɗa da ƙwace lasisi, a kuma sa masu tuƙa mota bayan sun haɗiyi tiramol cikin lissafi don ku 'yan tasha kun san ba giya kaɗai ke kashe fasinja ba.