Kan saƙonnin banza da suke cika maka sabar imel

Malam, ka ce kana da Postfix (manhajar aikawa da karɓar imel) da SpamAssassin (mai tace saƙonni) amma sifam, wato saƙon banza, na ta shigowa, wai ko ka sauke makin da saƙo zai kai kafin a ɗauke shi sifam daga 5 zuwa 3. Don Allah kar ka fara da nan, saƙon mutanen kirki zai dinga faɗawa tarko kuma ba za ka sani ba sai wani ya kira yana faɗa.

Fara duba Bayes tukuna, wato sashen SpamAssassin mai koyon gane sifam daga misalai, don ba ya fara aiki sai ka koya masa sifam 200 da saƙo mai kyau 200 da umarnin sa-learn, da yawa an kunna shi ne kawai an barshi haka nan babu abinda ya koya. Sannan ka kunna postscreen, mai gadin ƙofar Postfix, ka haɗa da Zen, jerin adireshin masu turo sifam na ƙungiyar Spamhaus, yawancin tarkacen nan tun a ƙofa ake korarsu. Amma fa ka sa DNS ɗinka na kanka (hanyar da sabarka ke tambayar jerin) kamar Unbound, in ta 8.8.8.8 na Google kake tambaya, Spamhaus ba za su baka amsa daidai ba, wannan kam yana cin mutane sosai.

SPF da DKIM da DMARC, hanyoyin tabbatar da cewa saƙo ya fito daga inda ya ce ya fito, su ma a dinga dubawa. Saƙon da kake shakka a kansa kar ka goge, tura shi Junk mai akwatin ya gani da idonsa.